Ta sa abayar ta je biki, yanzu tana neman kuɗinta

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Nima, nan Akra. Ba ni da shago, a sitatus ɗin WhatsApp da Instagram nake tallar leshi da abaya da mayafai. Nakan saro a kasuwar Makola, wani lokaci kuma a kawo mini daga Dubai. Wata mata a Aboabo ta Kumasi, ƙawar ƙanwar maigidana, ta sayi leshi yadi 5 a kan sidi 900 da abaya mai duwatsu a kan sidi 500. Ta turo kuɗin ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, na kai kayan tasha a Circle aka sa mata a mota. Daren da ta karɓa ta turo saƙon murya wai leshin ba shi ne na hoto ba, na hoto ruwan gwal ne mai haske, wanda ya je mata ya fi kama da ruwan ƙasa. Gaskiya hoton da na sa wanda mai sari ya turo mini ne. Na ce mata ba a mayar da kaya, haka na rubuta a shafina. Ta yi shiru. Bayan kwana 9 sai ga ta wai in mayar mata da kuɗinta duka har na abayar, wai duwatsun suna zuba, alhali na gan ta da idona a bidiyon biki sanye da ita. Yanzu ta ce in ban biya ba za ta sa ni a TikTok ta ce ni 'yar damfara ce. Maigida ya ce in biya duka a zauna lafiya, ƙawata ta ce in yi bulokin ɗinta kawai. Jarina gaba ɗaya bai kai sidi 6,000 ba. Me zan yi?

'Yarki a Nima

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa nemanki albarka. Maigida zaman lafiya yake so, ƙawarki kuma kishinki take yi, amma duk wanda kika bi a cikinsu, ko dai ki cutu ko ki cutar. An ƙulle miki magana biyu wuri ɗaya aka ɗora barazana a kai, shi ya sa kanki ya ɗaure. Maganar leshi daban, maganar abaya daban. TikTok kuwa ki cire shi daga lissafi tukuna, don abin da za ki biya hakki ne zai yanke shi, ba tsoro ba.

A kan leshin, ki yi haƙuri, ita ke da gaskiya. Matar nan ba ta taɓa shi da hannu ba, ba ta fito da shi bakin rumfa ta ɗaga a rana ba kamar yadda za ta yi da a ce kasuwar Kejetia ta shiga. Abin da ta saya shi ne hoton da kika nuna mata, hoton kuma ba naki ba ne. Duk wadda ta saba da sari ta san hotunan masu sari: an haska fitila mai ƙarfi, an shimfiɗa kaya a kan farin tebur, an bi da filta, sai ruwan ƙasa ya koma ruwan gwal, shuɗi mai duhu ya washe. Ke kin riƙe leshin nan a hannunki kafin ki naɗe shi, kin ga launinsa, kin kuma san abin da ke kan sitatus ɗinki. Ban ce kin yi niyyar ha'inci ba. Na san gaggawa ce, da ganin cewa kowa haka yake yi. Amma a wurinta duk ɗaya ne, ta ba da sidi 900, abin da ta zaɓa bai zo ba. In ma yayi aka fitar na bikin, kowa ya hallara da launi ɗaya ita kaɗai ta fita daban, ke mace ce, kin san irin wannan kunya. Sannan ki lura da lokacin da ta yi magana: daren da kayan suka isa. Mai shirin cuta ba ta yin haka. Amsar da kika ba ta a daren ce ta haifi fushin da kike gani yanzu, har ta haɗa da abin da ba hakkinta ba.

Malamanmu da ke karantar da Risala a makarantun zango sun sha faɗa cewa ya halatta a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa. Sai dai in kayan suka zo suka saɓa wa siffar, mai saye yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar. Manzon Allah (SAW) ya ce game da mai saye da mai sayarwa, idan suka yi gaskiya suka bayyana za a sanya musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar. Wadda ke ciniki ta waya kuwa ba ta da hanyar bayyanawa sai hoto da bidiyo da abin da ta rubuta a ƙasansu.

Dokar ƙasa ma nan ta tsaya. Dokar sayar da kaya ta Ghana ta 1962, wadda ake kira Act 137, ta ce kayan da aka sayar bisa kwatance dole su dace da kwatancen, kuma kada su zo da aibin da ba a faɗa wa mai saye ba. Akwai kuma wata da yawancin masu talla a waya ba su taɓa jin labarinta ba, dokar mu'amala ta intanet ta 2008, Act 772. Ita ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet damar fasa ciniki cikin kwana 14 daga ranar da ya karɓa, ko da bai kawo dalili ba, kuɗin mayar da kayan kawai zai ɗauka. An cire irin su abinci da abin da ke saurin lalacewa da wanda aka yi wa mutum daidai da awonsa. Saboda haka wannan layin na "ba a mayar da kaya" da kowa ke kwafa ya manna a shafinsa ba katanga ba ne. Ba ya wanke mai sayarwa daga aibi a gaban alƙali, ba ya wanke shi a gaban malam. Kada ki bari maganar ta yi nisa kina taƙama da shi.

To, ki karɓi leshin ki mayar mata da sidi 900 cif, kuɗin motar dawowa ma ke za ki biya tunda kuskuren daga ɓangarenki ya fito. Sharaɗi ɗaya ne, ya zama tela bai sa masa almakashi ba. In an riga an yanka, ba zai sayu a hannunki ba, sai a koma ga rangwame. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, da kin nuna launinsa na gaskiya, nawa za a saye shi? Abin da ke tsakanin wannan da sidi 900 shi za ki mayar mata, ki ɗan ƙara wani abu saboda ɓacin ran da aka jawo mata.

Abaya kuwa wata magana ce. Ta karɓa, ba ta ce komai a kanta ba a daren da ta yi ƙorafin leshi, ta sa ta je biki, ta zauna a rumfa, ta yi rawa, turare da gumi sun kama ta. Ba wani dattijo a Nima ko Aboabo da zai ce ki karɓi wannan a kuɗin sabuwa. Damar fasa ciniki ba damar aron kaya ba ce, kuma wannan ɗabi'ar ta saye a sa a mayar ta karya mata da yawa masu ƙaramin jari irin naki. A nan ki tsaya da ƙafarki, ba tare da zagi ba.

Sai dai kada ki yi saurin cewa ƙarya take yi a kan duwatsun. Akwai aibin da ba ya fitowa sai an sa kaya a jiki. In kina da 'yar'uwar abayar daga sari ɗaya, ɗauko ta yau. Ki shimfiɗa farin zane a ƙasa, ki kakkaɓe ta a kai da ƙarfi, ki bi layin duwatsun da tafin hannu, musamman hannun riga da ƙirji inda jaka da mayafi ke goga. In kika ɗaga kika ga zanen fes, ko dutse ɗaya ko biyu suka faɗo, wannan abin da aka saba ne a dutsen da aka manna da gam. In kuwa kika ga sun zubo kamar an watsa shinkafa, to aibin na kayan ne, gam ɗin ya mutu tun kafin su zo hannunki. A wannan halin ki biya mata kuɗin sake manna duwatsun a can Kumasi, ko ki rage mata wani abu mai kauri, sauran abayoyin kuma ki sauke su daga sitatus har sai kin yi magana da wanda ya kawo miki. Ita ma ki nemi ta turo bidiyon tata da rana, ta nuna wuraren da suka zube. Gani ya kori ji.

Yanzu yadda za a yi musayar, tunda ke ba ki yarda ki fara tura kuɗi ba, ita ma ba za ta yarda ta fara sako kaya ba. Allah ya ba ki mafita a cikin gida: ƙanwar maigida. Ita ta haɗa ku, ita za ta raba ku lafiya. A kai mata leshin, ta warware shi a gabanki ta kiran bidiyo, a auna yadi 5 ɗin, a duba ba yanka ba tabo. Tana cewa ya cika, ki tura kuɗin nan take tana kan layi, sannan a kai tasha. Ki tura ne zuwa lambar da kuɗin suka fito tun farko, ki karanta sunan da zai bayyana kafin ki sa lambar sirrinki. Wannan ki riƙe shi ga kowane kwastoma. Duk wanda ya biya da lamba ɗaya ya ce a mayar masa ta wata, ki dakata, don ta nan 'yan damfara ke wanke kuɗin da suka kwashe a wayar wani, ranar da mai kuɗin ya kai ƙara kuma lambarki za a fara gani. Haka nan saƙon da ke cewa an turo miki kuɗi bisa kuskure ki mayar: kada ki yarda da saƙo, ki danna *170# in layin MTN ne, ki duba abin da ke asusunki da kanki. Tun da aka soke E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, a watan Afrilun 2025, mayar da kuɗi ya rage ciwo, ɗan cajin turawa ne kawai, shi ma ki ɗauka kada a yi rigima a kansa.

Ki rubuta mata, kada ki yi saƙon murya, don murya tana ɗaukar fushi kuma ana iya yanko rabinta a yaɗa. Wani abu kamar haka ya isa: "Salamu alaikum Hajiya. Na sake duba maganar leshin, kina da gaskiya, launin bai zo daidai da hoton ba, ki yi haƙuri da amsar da na ba ki ranar nan. In ba a yanka ba, ki kai wa Anti, tana dubawa zan turo miki sidi 900 ɗinki, kuɗin mota ni zan biya. Abayar kuwa tunda an riga an sa, ba zan iya karɓa ba, amma ki turo mini bidiyon duwatsun, in aibin kayan ne zan ɗauki nauyin gyaran." Kada ki ambaci TikTok ko kaɗan. Kada kuma ki tura mata bidiyon bikin kina cewa na kama ki. Ki adana shi kawai. In ta musa cewa ta sa, sai ki nuna wa mai shiga tsakani, ba duniya ba.

Barazanar ta fi komai tayar miki da hankali, na sani, don mai talla a waya sunanta ne shagonta. Amma ki duba da kyau. In kika biya sidi 1,400 saboda an ce za a tona ki, labarin zai zaga ta bakin matan da suka je bikin nan, kuma za a gane cewa ke ana ɗaga miki murya kike sakin kuɗi. In kuma kika yi bulokin ɗinta, kin ba ta hujjar da ba ta da ita, don abin da 'yan damfara ke yi ke nan, su karɓi kuɗi su toshe layi. Ki bar layinki a buɗe. Ki ɗauki hoton duk hirarku daga farko, da saƙon shigar kuɗi, da rasit ɗin tasha, ki tura wa wata waya don kada ta goge nata ɓangaren. In duk da haka ta fita ta yi magana, kada ki hau kai-tsaye ki rama, kada ki sa hotonta ko lambarta, kada ki bari ƙawayenki su je su zage ta a madadinki. Magana ɗaya a rubuce ta wadatar: an sami saɓanin launi, na nemi a dawo da kaya in biya, tayin yana nan. Masu hankali a cikin kwastomominki za su karanta wannan su ƙara yarda da ke. In ta wuce nan ta fara neman kuɗin da ya fi na kayan don ta yi shiru, wannan ya zama ƙwace da barazana, ki kai wa 'yan sanda, ko ki kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa. In ita ce ta kai ki ofishin 'yan sanda, ki je da maigida da hirar a buge a takarda. Saɓanin ciniki ba laifin sata ba ne. Amma ina ganin ba za a kai can ba, liman ko mai unguwa ko ita ƙanwar maigidan za su kashe wutar.

Shi maigida ki zaunar da shi bayan ya ci abinci, ki nuna masa lissafi. Sidi 500 a jarin da bai kai 6,000 ba ribar kaya nawa ce? Ki ce masa ba ƙin maganarsa kika yi ba, hakkin matar za ki ba ta har da ƙari, zumuncin ƙanwarsa ma ta wannan hanyar zai fi tsira. In bayan ya ji ya ce duk da haka yana so a yafe mata abayar, akwai lada babba a karɓar kaya daga wanda ya yi nadamar saye, hadisi ya zo da cewa wanda ya yi wa Musulmi haka Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Sai dai wannan kyautatawa ce, ba bashi ba, kuma in shi ya zaɓa, ya kamata ya sa hannu a aljihu ya taya ki.

Daga yau hoton mai sari kada ya sake hawa sitatus ɗinki shi kaɗai. Ki fito tsakar gida da hantsi, a inuwa mai haske, ki ɗauki kayan da wayarki ba filta, ki yi ɗan bidiyo kina juya shi a hannu don a ga sheƙinsa da kaurinsa. In launin na da wuyar kamawa, irin ruwan gwal da ruwan hanta da ruwan toka, ki ajiye farar takarda kusa da shi, ki kuma faɗa da baki: wannan ya fi duhu a ido fiye da a waya. Za ki rasa mai saye ɗaya ko biyu da wannan maganar, waɗanda da ma su ne za su dawo miki da rigima. Abaya kuma ki daina cewa tana shiga kowa. Ki sa tef ki auna tsawo da ƙirji da hannu, ki rubuta da inci, ita ma mai saye ta auna tata ta gida ta gwada.

Kafin kowa ta turo kuɗi, ki aika mata sharaɗinki a gajarce ta amsa da "na yarda". In kaya sun zo da aibi ko ba su ne aka nuna ba, ke za ki ɗauki komai. In ra'ayi ta canza, ta dawo da su ba a sa ba, ba a wanke ba, ba a yanka ba, kuɗin mota nata. Abin da aka ɗinka da awonta ba ya dawowa sai in ɗinkin ne ya ɓaci. Lokacin naɗewa ki ɗauki bidiyo tun daga warware kayan har manne leda da rubuta suna, ki tura mata tare da hoton rasit ɗin tasha, ki roƙe ta ita ma ta buɗe a gaban kyamara. Cikin Akra, in ɗan okada zai kai Madina ko Fadama ko Ashaiman a biya in an gani, a fara turo kuɗin okada zuwa da dawowa, don nan ne ake yawan cin mata: a sa ki aika, kaya su isa, a kashe waya.

Ki kuma koma wurin mai sarinki a Makola ku yi magana a fili, tun kafin wani sari, kan abin da zai karɓa in ya fito da aibi da kuma cikin kwana nawa. Wanda ya ce ba ruwansa ko da kayan sun zo a lalace, ki rage hulɗa da shi, Makola da Tudu ba mutum ɗaya ke sari ba. A kan kowane kaya kuma ki ɗora sidi 10 ko 20 a farashi, ki riƙa ware su a wata lambar MoMo daban da wadda kike cefane da zubin adashi da ita, musamman gabanin Sallah da lokacin bukukuwa da ciniki ke yawa, mayarwa ma ke yawa. Daga nan za ki riƙa biyan irin wannan in ta taso, uwar kuɗi ba ta girgiza ba.

Allah ya ba da kasuwa, ki gaida maigida.